Ɓarnar da ƙwayar cutar HIV ke yi a hanji tun makonnin farko

Na shafe shekaru ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a nan Legas. Da yake ni ne mai jin Hausa a sashenmu, duk lokacin da aka kawo wani namu daga Agege, Mile 12 ko Idi-Araba wanda Turanci da Yarbanci ba su zauna masa ba, ni ake kira in yi tafinta. A wannan zama da nake yi tsakanin likita da maras lafiya, akwai tambayar da na ji har na gaji da ƙirgawa. Mutum zai karɓi sakamako, ya yi shiru, can sai ya ɗago ya ce, "To Malam, ni fa lafiyata ƙalau. Ina cin abinci, ina fita kasuwa. Don me zan ɗora wa kaina magani tun yanzu?"

Amsar wannan tambaya tana cikin hanji. Mafi yawanmu mun ɗauka HIV ciwon jini ne da ke cin mutum a hankali a hankali har shekara takwas ko goma. Abin da masana suka gano daga 1998 zuwa yau ya gyara wannan fahimta. Babbar asarar da garkuwar jiki ke yi tana faruwa ne cikin makonni biyu zuwa huɗu na farkon kamuwa, kuma a bangon hanji take faruwa, lokacin da shi mai cutar bai ma san yana ɗauke da komai ba. Na rubuta wannan bayani ne don a riƙa komawa gare shi, a kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Gargaɗi tun kafin mu yi nisa

Kada jin kalmar hanji ya sa wani ya zaci ta abinci ake ɗaukar cutar. Ba a ɗaukar HIV ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko shiga bayan gida ɗaya, ko musabaha, ko cizon sauro. Hanyoyinta sanannu ne: saduwa ba tare da kariya ba, ƙarin jinin da ba a tantance ba, allura ko wani abu mai kaifi da jinin mai cutar ya taɓa, sai kuma daga uwa zuwa jariri lokacin goyon ciki, haihuwa ko shayarwa. Ko ta wace hanya ta shiga, jini ne ke ɗaukar ta ya kai ta hanji daga baya.

Me ya haɗa hanji da garkuwar jiki?

Mun san hanji da narka abinci, amma yana da wani aikin da ya kai wannan girma. Ka duba dai abin da ke wucewa ta cikinsa kullum: abinci, ruwa, ƙura, da ƙwayoyin bakteriya tiriliyoyi da suke zaune dindindin, musamman a babban hanji. Yawancinsu masu amfani ne muddin suna nan inda suke. Abin da ya raba su da jininmu wani tantani ne mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, wanda idan aka shimfiɗa shi zai rufe fili mai faɗin kusan murabba'in mita 30. Iyaka ce doguwa, katangarta kuma siririya.

Shi ya sa jiki ya jibge rundunarsa a wurin. A ƙarƙashin wannan tantani akwai ƙwayoyin garkuwa birjik, wasu a warwatse, wasu a dunƙule cikin 'yan ƙulle-ƙulle masu kama da kaluluwa a ƙarshen ƙaramin hanji. Waɗanda ke yawo a cikin jini kuwa 'yan kaɗan ne, kusan kashi 2 cikin 100 na irin waɗannan ƙwayoyi. Sauran suna cikin kaluluwa, saifa, ɓargo, hanji da sauran sassa. Wato jinin da nake ɗiba a kwalba kullum kamar mutum ne ya tsaya a bakin titi yana ƙirga sojojin da ke wucewa, alhali bariki na can ciki.

Daga cikin sojojin nan akwai waɗanda ake kira CD4, sunan da duk mai zuwa asibitin masu HIV ya sani. Su ne masu ba da umarni. Su ke gaya wa wasu ƙwayoyi su ƙera makami, su gaya wa wasu su kai hari. A jinin mai lafiya akan samu tsakanin 500 zuwa 1,500 a ma'aunin da muke amfani da shi. Idan suka faɗi ƙasa da 200, cutar ta yi nisa, kuma ƙananan cututtukan da da can jiki ke kora ba tare da an sani ba sai su samu ƙofa.

Dalilin da ya sa ƙwayar cutar ta fi son hanji

HIV ba ta iya hayayyafa ita kaɗai. Dole sai ta kutsa cikin wata ƙwayar halitta, ta mayar da ita masana'antarta. Kafin ta shiga kuma sai ta buɗe makulli biyu da ke jikin ƙwayar. Na farko shi ne CD4 ɗin kansa. Na biyu, wanda aka gano a 1996, ana kiransa CCR5. Kusan duk HIV ɗin da ke tsallakawa daga wani zuwa wani da wannan makulli na biyu take amfani.

To a nan gizo ke saƙar. CD4 iri biyu ne a taƙaice. Akwai sababbin kurata da ba su taɓa haɗuwa da abokin gaba ba, akwai kuma tsofaffin hannu da suka taɓa gwabzawa, suka riƙe kamannin abokin gaba. Tsofaffin hannun ne ke ɗauke da CCR5. A cikin jini, masu CCR5 'yan tsiraru ne. A bangon hanji kuwa su ne mafi rinjaye, saboda wurin fagen daga ne, sai gogaggu. Bugu da ƙari, kullum a farke suke suna aiki saboda bakteriyar da ke maƙwabtaka da su, kuma HIV ta fi hayayyafa da sauri a cikin ƙwayar da ke farke. Ga su kuma a cunkushe, jiki da jiki, don haka tsallakawa daga wannan zuwa waccan ba ya wuya.

Akwai ƙarin abu guda. Ƙwayoyin garkuwar da aka tura aiki hanji suna ɗauke da wata alama a jikinsu mai suna alfa-4 beta-7, kamar rubutun da ake yi a jikin buhu don direba ya san garin da zai sauke shi. A 2008 masu bincike a ɗakin gwajin Anthony Fauci a Amurka suka nuna cewa rigar HIV na iya manne wa wannan alama. An kuma lura cewa ƙwayoyin da ke ɗauke da alamar da yawa suna cikin waɗanda suka fi saurin kamuwa.

Yadda abin ke tafiya kwana bayan kwana

A kwanaki kusan goma na farko, ƙwayar cutar tana hayayyafa a inda ta shiga da kaluluwar da ke kusa. Babu gwajin da zai gan ta a jini a wannan lokaci, kuma mutum ba ya jin komai. Abin mamaki, a mafi yawan waɗanda suka kamu ta saduwa tsakanin namiji da mace, ƙwayar cuta ɗaya ce rak ta kafa zuriyar da ta cika jiki.

Daga nan sai ta faɗa jini, jini ya watsa ta ko'ina. Da ta isa hanji sai ta tarar da abin da take nema a tare wuri ɗaya. Cikin mako na biyu zuwa na huɗu yawanta a jini yakan haura miliyan a kowace mililita, adadin da da wuya ya sake kaiwa a tsawon shekarun da za su biyo baya. A daidai wannan lokaci ne CD4 na hanji ke zubewa.

Ta hanyoyi da dama suke mutuwa. Wasu ƙwayar cutar ce ke shiga ta yi amfani da su har su ƙare. Wasu 'yan'uwansu sojoji ne ke kashe su da zarar sun gane sun kamu. Wasu kuma cutar ta fara shiga amma ba ta kammala ba, sai su tarwatsa kansu, su saki sinadaran da ke janyo kumburi. Wannan hanya ta uku wani rukuni a San Francisco ƙarƙashin Warner Greene ne ya bayyana ta a 2014. Matsalar ita ce kumburin yana kiran ƙarin sojoji zuwa wurin, su ma su faɗa cikin wutar.

Bayan wata ɗaya zuwa biyu, garkuwar jiki takan farfaɗo ta danne cutar zuwa wani mataki. Lambar CD4 a jini ta ɗan koma sama, zazzaɓi ya tafi, mutum ya miƙe ya ci gaba da harkokinsa. A hanji kuwa giɓin da aka yi yana nan bai cike ba.

Yadda aka gano haka

Alamun sun daɗe a fili. A 1981 aka fara ba da rahoton cutar a Amurka, a 1983 Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier suka ware ƙwayar a cibiyar Pasteur da ke Faris. A ƙasar Yuganda kuwa, a tsakiyar shekarun 1980, mutane sun raɗa mata sunan da ke nufin rama, saboda gudawa da zubewar jiki su ne abin da ido ya fi gani. Amma a lokacin an ɗauka hanji na lalacewa ne sai a ƙarshen ciwo.

A 1998 Ronald Veazey da Andrew Lackner da abokan aikinsu suka fitar da bincike a mujallar Science. Sun yi aiki da birai 'yan asalin Asiya da aka sa wa SIV, wadda 'yar'uwar HIV ce a jikin birai. Suka tarar cikin makonni biyu zuwa uku CD4 na hanjin biran sun ragu matuƙa, alhali na jini da na kaluluwa ba su nuna wani babban canji ba tukuna.

A 2004 rukuni biyu a Amurka, ɗaya da Jason Brenchley da Daniel Douek, ɗaya da Saurabh Mehandru da Martin Markowitz, suka tabbatar da haka a jikin mutane. Sun zura na'urar duba hanji suka tsinko ɗan nama kaɗan daga bangon, suka ƙirga. A 2005 kuma binciken Joseph Mattapallil a mujallar Nature ya ba da adadin da ya girgiza masana: a birai, lokacin da cutar ta kai ƙololuwa, kashi 30 zuwa 60 cikin 100 na tsofaffin hannun CD4 a faɗin jiki sun kamu, kuma yawancin waɗanda suka kamu sun ɓace cikin kwana huɗu.

Masu gyaran katanga

Ba duk CD4 na hanji ne aikinsu ɗaya ba. Akwai wani rukuni mai suna Th17 da ya fi kowa shan wuya. Aikinsu kula da katangar nan mai kaurin ƙwaya ɗaya. Suna fitar da sinadaran da ke sa ƙwayoyin tantanin su riƙe juna gam, su sabunta kansu, su kuma fitar da abubuwan da ke kashe bakteriyar da ta matso kusa. Idan wata ta kutsa, su ne ke kiran agaji.

Da Th17 suka ragu, sai katanga ta fara tsatstsagewa. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma haka abin yake a nan. Ɓurɓushin jikin bakteriya, wani lokaci ma ita kanta, sai ya riƙa tsiyaya zuwa cikin jini. A 2006 Brenchley da Douek suka auna wani sinadari na bangon bakteriya mai suna LPS, suka ga ya fi yawa a jinin masu HIV, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon tashin hankalin garkuwar jiki.

Ka ɗauka a unguwarku ana busa usur na ɓarayi dare da rana ba hutawa. 'Yan sintiri za su yi ta fitowa har su galabaita. Haka garkuwar jiki ke zama kullum a tsaye. Wannan yana da illa biyu. Ta farko, duk CD4 da ya farka ya zama sabon abincin HIV, sai cutar ta ƙara cin hanji, hanji ya ƙara tsiyaya. Ta biyu, kumburin da ba ya sauka yana taɓa jijiyoyin jini, hanta da ƙoda. Masana na lissafa shi cikin dalilan da suka sa ciwon zuciya da makamantansa suka fi yawa a masu HIV, musamman waɗanda suka daɗe ba magani.

Ɓallewar katangar tana da hannu a wani abu da muke gani a asibitocin Afirka. Wata bakteriya dangin mai kawo taifot, wadda a jikin mai lafiya gudawar kwana biyu kawai take sawa, a jikin mai HIV takan tsallake hanji ta shiga jini, ta kwantar da mutum rai a hannun Allah. Gwaji a birai a 2008 ya nuna cewa rashin Th17 ne ke buɗe mata hanya.

Darasi daga biran Afirka

HIV mai lamba ɗaya, wadda ta game duniya, ta samo asali ne daga birai nau'in cimfanzi na kudu maso gabashin Kamaru. Mai lamba biyu kuwa daga wani biri ne na dazuzzukan Afirka ta Yamma da ake kira mangabe. Shi wannan mangabe, da wasu biran Afirka irinsa, suna rayuwa da SIV mai yawa a jininsu, amma da wuya su yi ciwo. Da aka duba sai aka ga su ma CD4 na hanjinsu na raguwa a farkon kamuwa. Bambancin shi ne Th17 ɗinsu ba sa ƙarewa, katangarsu ba ta tsagewa, kuma garkuwar jikinsu na lafawa bayan 'yan makonni. Wannan na daga cikin manyan hujjojin da ke nuna cewa lafiyar bangon hanji na da hannu wajen yadda cutar za ta tafi da mutum.

Abin da mutum ke ji a wannan lokaci

Wasu ba sa jin komai. Da yawa kuma, mako biyu zuwa huɗu bayan kamuwa, sukan yi zazzaɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, ciwon gaɓoɓi, ƙuraje, kaluluwa a wuya ko hammata, gyambon baki, wani lokaci da gudawa ko amai. Ku dubi jerin nan da kyau. Wane ne a cikinmu zai ji haka bai ce maleriya ce ko taifot ba?

Na tuna wani bawan Allah mai sayar da albasa, wanda ba zan faɗi abin da zai sa a gane shi ba. Ya zo da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin kemis. Likita ya sa a yi masa gwajin HIV tare da sauran gwaje-gwaje, bai nuna komai ba. Na fassara masa cewa likita ya ce ya dawo bayan wata uku a sake. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai an duba an ce babu." Zazzaɓi ya sauka, ya koma kasuwa. Sai bayan shekaru na sake ganinsa, an riƙo shi, ga gudawa ta fi wata, wando na zamewa daga ƙugu. CD4 ɗinsa ya yi ƙasa da 200 sosai. An ɗora shi a magani, kuma alhamdu lillahi ya tashi, yana nan yana sana'arsa. Amma ya daɗe yana fama da ciki, kuma uwargidansa da aka gwada ita ma tana ɗauke da cutar. Har yau ina tunanin da na ƙara minti biyar na yi masa bayanin dalilin cewa ya dawo, wataƙila da ya dawo.

Dalilin kuwa shi ne gwaji na da lokacinsa. Ɗan gwajin nan na tsinke da ake ɗiga wa jinin yatsa, wanda aka fi yi a ko'ina, martanin jiki yake nema, kuma martanin yakan ɗauki kwana 23 zuwa 90 kafin ya bayyana. Gwajin ɗakin bincike da ke neman wani ɓangare na ƙwayar tare da martanin yakan gano ta tsakanin kwana 18 zuwa 45. Wanda ke neman ƙwayar kanta kai tsaye yakan gan ta daga kwana 10 zuwa 33. Kenan a makonnin da hanji ke shan kashi, gwajin tsinke na iya cewa babu. Kuma a makonnin ne mutum ya fi saurin yaɗa ta, saboda yawanta a jiki. Masu gwajin kafin aure su riƙe wannan da kyau: sakamakon yau bai ba da labarin abin da ya faru makonni uku da suka wuce ba.

Magani na iya gyara abin da ya ɓaci?

Yana gyarawa sosai, amma hanji ya fi jini jinkirin murmurewa. Mai shan magani kullum, cikin 'yan watanni ƙwayar cutar takan yi ƙasa har na'ura ta kasa ganinta a jini, CD4 na jini ya hau. A hanji, musamman ga wanda ya makara, adadin yakan ɗauki shekaru, kuma a mutane da yawa ba ya komawa yadda yake da. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne tabon da doguwar kumburi ke bari a gidajen da ƙwayoyin garkuwa ke zama.

Wani bincike da aka fara a 2009 a birnin Bankok na Tailan ya nuna darajar sauri. Sun riƙa zaƙulo mutanen da suka kamu cikin kwanakin farko suna ɗora su a magani nan take. Sakamakon da suka fitar a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka kama tun kafin martanin jiki ya bayyana ba su yi asarar Th17 ba. Waɗanda aka kama 'yan kwanaki bayan haka, adadin Th17 ɗinsu ya dawo, amma ƙarfin aikinsu bai dawo duka ba.

Kada wannan ya karya zuciyar wanda ya daɗe da cutar. 'Yan kaɗan ne a duniya ake kamawa a makon farko. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka fitar a 2015 sun nuna amfanin farawa da zarar an sani. Na farko, START, an yi shi a ƙasashe 35 da mutum 4,685 waɗanda CD4 ɗinsu ya haura 500, kuma fara magani nan take ya rage haɗarin ciwo mai tsanani ko mutuwa da kashi 57 cikin 100. Na biyu, TEMPRANO, a nan maƙwabta aka yi shi, a Kwaddibuwa, ya kuma nuna raguwar kashi 44 cikin 100. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba kowa magani ba tare da jiran CD4 ya faɗi ba, Najeriya kuma ta ɗauki wannan tsari a 2016.

Hanji kuma na daga cikin manyan maɓoyar cutar. Tana shigar da kanta cikin wasu CD4 da ke barci, ta yi lamo, magani ba ya kai mata. Da an daina sha, cikin 'yan makonni sai ta dawo. Gwajin SMART na 2006 ya nuna cewa masu sha suna hutawa sun fi masu sha kullum yin ciwo da mutuwa. Don haka wanda zai tafi gida Arewa hutun salla ko noma, ya gaya wa asibitinsa tun da wuri a ba shi maganin da zai ishe shi.

Abin da ya shafe mu a nan Kudu

Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da HIV, kimanin mutum miliyan 1.9 a Najeriya baki ɗaya. Shiyyar Kudu maso Kudu ce ta fi yawa da kashi 3.1, Arewa maso Yamma ta fi ƙaranci da kashi 0.6. Ban kawo wannan don a nuna wa wata ƙabila yatsa ba, cuta ba ta tambayar garinku. Na kawo ne don da yawanmu a Fatakwal, Kalaba, Anaca, Sabon Ibadan da Legas mun bar iyali a gida, mukan yi watanni ba mu koma ba, kuma duk abin da mutum ya ɗauko a nan, gida zai kai shi.

Ga abin da nake gaya wa duk wanda na yi wa tafinta:

Idan wani abu ya faru da kake tsoron ka haɗu da cutar, ko saduwa ce, ko fyaɗe, ko allura ta soke ka, ka je asibiti cikin awa 72. Akwai maganin riga-kafi da ake sha kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon aikinsa.

Idan ka yi zazzaɓi mako biyu zuwa huɗu bayan irin haka, ka faɗa wa likita gaskiya. Ka tambaya ko akwai gwajin da ke gano cutar da wuri. Idan gwajin tsinke ya ce babu, ka sake bayan wata uku.

Idan an tabbatar, ka fara magani ba jinkiri, ko da kana jin ƙarfi kamar doki. Yau yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana, haɗin tenofovir, lamivudine da dolutegravir, kuma kyauta ake ba da ita a asibitocin gwamnati. Wanda ya riƙe magani har ƙwayar ta daina nunawa a jini ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa.

Ka gaya wa likita idan kana shan maganin olsa na ruwa mai kama da alli, ko ƙwayar ƙarin jini, ko ta ƙarin ƙarfin ƙashi. Suna iya riƙe dolutegravir a cikin hanji su hana shi shiga jiki, don haka akwai tazarar da ake bayarwa tsakaninsu.

Ka kula da abin da ke shiga cikinka. Ruwa mai tsabta, wanke hannu, abinci dafaffe da zafinsa. Idan an ba ka Septrin, ka sha, yana kare ka daga wasu cututtukan hanji da na huhu. Nono, yogot, ganye da wake abinci ne masu kyau, amma babu wanda ya maye gurbin magani. Masu jiƙe-jiƙen wankin ciki da ke yawo da lasifika a tasha kuwa, gudawar da suke sawa ƙarin wahala ce ga hanjin da ke neman warkewa.

Mai juna biyu ta yi gwaji tun zuwan awo na farko. Idan tana da cutar, ta riƙe magani, ta bi shawarar asibiti a kan shayarwa. A watanni shida na farko nono zalla ake so, domin haɗa shi da ruwa, koko ko jiƙo yana ƙara haɗarin jariri ya kamu.

Wanda kuma ke tsoron a kore shi daga aiki ko a tozarta shi, ya sani akwai dokar tarayya ta 2014 da ta haramta nuna wa masu HIV bambanci, kuma ma'aikacin lafiya ba shi da izinin yaɗa sakamakonka.

Mai albasar nan yakan leƙo ɗakinmu duk ranar da ya zo karɓar magani. Kwanakin baya ya zo da ƙanensa da ya sauka daga gida, ya zaunar da shi a gabana ya ce, "Malam, ka yi masa bayanin hanjin nan yadda ka yi mini, ni na kasa." Na ja kujera, na ɗauko takarda na zana masa katanga.